Tambaya da Amsa: Na Duba Wajensa, Amma Wallahi Ban Gan Shi Ba

Wasiƙun da suka taru a wannan makon yawancinsu a kan ido suke, abin da yake gani da abin da yake tsallakewa. Na zaɓi huɗu daga ciki. Kamar yadda muka saba, na sakaya sunayen masu tambaya, na kuma taƙaita wasiƙun.

Tambaya daga wani direban bas mai jigila tsakanin Zariya da Funtuwa:

"Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tuƙi, ban taɓa buge ko akuya ba. Kwanakin baya zan fito daga gidan mai in hau titi, na duba hagu na duba dama, na ga hanya fayau. Ina saka kan mota sai ga mai babur a jikin ƙofata. Allah ya taƙaita, gurjewa ya yi a gwiwa da hannu. Abin da ya dame ni shi ne yaron motata da fasinjan gaba sun rantse sun hango shi tun daga nesa, har suka ce ai wajensa nake kallo. Wallahi ban gan shi ba. Na je an auna idona, an ce lafiya lau. A tasha wasu na cewa rufe mini ido aka yi. Mece ce gaskiyar lamarin?"

Wa'alaikumus salam, Malam direba. Allah ya ƙara tsarewa, shi kuma wancan bawan Allah ya ba shi lafiya. Na yarda da rantsuwarka, na kuma yarda da ta yaron motarka. Ka kalli wajensa, ba ka gan shi ba, dukanku gaskiya kuka faɗa. Magabatanmu sun riga mu gane wannan da suka ce hankali ke gani, ido gululu ne. Abin da masana halayyar ɗan'adam suka ƙara a kai shi ne sun auna abin, sun ga iyakarsa.

A shekarar 1999, wasu masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka ɗauki wani ɗan gajeren bidiyo. Mutum shida ne a ciki, uku da fararen riguna, uku da baƙaƙe, suna ta jefa wa juna ƙwallon kwando suna zagayawa. Sai a ce wa mai kallo ya ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo. Ana tsakiyar haka sai wata mata sanye da kayan goggon biri, baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, ta shigo tsakiyar 'yan wasan, ta tsaya ta fuskanci kyamara, ta bugi ƙirji, sannan ta wuce abinta. Wajen daƙiƙa 9 ta yi a fili. Kusan rabin waɗanda aka gwada ba su gan ta ba sam. Ina nuna wa ɗalibaina wannan bidiyo a aji, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suke yi idan na sake kunna shi. Wanda bai ga birin ba yakan miƙe tsaye ya ce, "Malam, ba wannan ka nuna mana ɗazu ba, ka canza." Yana faɗa yana nufi har zuciyarsa, domin a ganinsa ba zai yiwu abu ya gifta ta gaban idonsa a buɗe ya rasa shi ba. Irin halin da kake ciki ke nan.

Kada ka ce ai waɗancan ɗalibai ne, kai kuwa tsohon hannu ne. A 2013 Trafton Drew da abokan aikinsa Melissa Vo da Jeremy Wolfe, a birnin Boston, sun gwada likitoci 24 waɗanda sana'arsu ita ce karanta hoton cikin jiki. Aka ba su hotunan huhu su nemo ɗan ƙullutun da ke nuna ciwon daji. A cikin hotunan majinyaci na ƙarshe aka saka hoton goggon biri wanda ya ninka irin ƙullutun da suke nema sau 48 a girma. Likitoci 20 cikin 24 ba su lura da shi ba. An sa na'urar da ke bin motsin ido, ta nuna cewa yawancin waɗanda suka rasa shi idonsu ya sauka a daidai wurin. Ƙwarewarsu ba ta ragu ba, ƙullutu suke nema, ƙwaƙwalwa kuwa ta tace duk abin da ba ƙullutu ba.

To kai me kake nema sa'ad da za ka hau titin Zariya zuwa Funtuwa? Tirela kake nema, da tanka, da motar da za ta iya murƙushe ka. Shekara da shekaru ka horar da kanka a kan haka, kuma wannan horon ne ya tsare ka har yau. Babur siriri ne, bai cika gurbin abin da kake tsoro ba, sai ƙwaƙwalwarka ta karanta wurin a matsayin fili. Masu binciken haɗurran hanya a Ingila sun daɗe da sanin wannan nau'in haɗari, na direban da ya duba amma bai gani ba, kuma masu babur da masu keke ne suka fi faɗawa cikinsa, galibi a mahaɗar hanya.

Akwai kuma yadda aka halicci idon kansa. Muna jin kamar duk abin da ke gabanmu muna ganinsa tangaran, daga wannan gefe zuwa wancan. Ba haka ba ne. Miƙa hannunka gaba ka kalli farcen babban yatsanka. Wurin da idonka yake gani da cikakken kaifi bai wuce faɗin wannan farcen ba sosai. Sauran duk dishi-dishi ne, motsi da inuwa da launi. Don ya cike giɓin, ido yana ta tsalle daga wuri zuwa wuri sau uku zuwa huɗu a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma a lokacin tsallen gani yakan dushe. Gwada da madubin motarka idan ka faka: kalli idonka na dama, sannan na hagu, ka yi ta maimaitawa. Ba za ka taɓa ganin ƙwayar idonka tana motsi ba. Amma sa yaron motarka ya tsaya yana kallonka, zai ga tana kai da komo sarai. Ƙwaƙwalwa ce take ɗinke guntayen ta ba ka hoto guda mai santsi. Direban da ya wurga kai hagu da sauri ya dawo, idonsa wuri biyu ko uku kawai ya sauka, mai babur yana iya kasancewa a tsakaninsu. Ƙara da ƙarfen nan da ke gefen gilashin gaba, wanda yake iya ɓoye babur ɗungurungum idan ya zo a saitinsa.

Hankali kamar tocila yake a ɗaki mai duhu, inda ka haska nan kake gani, sauran kayan ɗakin suna nan amma ba su shigo maka ba. Ka tuna me tocilarka take haskawa a lokacin. Canjin da mai sayar da mai ya ba ka? Fasinjan da ke gardamar kuɗin kaya? Ko waya ce a kunnenka? Ba ka ambaci waya ba, ni ma ba na ɗora maka, amma tunda direbobi da yawa na karanta wannan fili, bari in faɗa. David Strayer na Jami'ar Utah da abokan aikinsa sun yi shekaru suna gwada direbobi a na'urar kwaikwayon tuƙi. Sun gano cewa mai magana a waya yakan kalli allon da ke bakin hanya, idonsa ya tsaya a kai, amma daga baya ya kasa tuna ya gan shi. A wani bincikensu na 2006 sun nuna cewa illar waya ga tuƙi tana iya kai ta wanda ya sha giya har iyakar da dokar Amurka ta hana tuƙi. Kuma sa abin kunne bai raba ba, domin matsalar ba a hannu take ba, a kai take. Taura biyu ba ta taunuwa. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra da ke kama mai waya a kan sitiyari suna da hujja, ko da mun ji haushin tarar.

Abin da nake ba ka shawara: kafin ka saka kan mota, ka tsaya cak, ka duba sau biyu, kuma a dubawa ta biyu ka ce wa ranka "babur". Ba wasa nake ba, abin da ka sa wa rai shi ido yake nemo maka. Ka bar idonka ya zauna nesa, ya dawo tsakiya, ya dawo kusa, maimakon wurgawa ɗaya. Ka ɗan sunkuyar da kai gaba don ka leƙa bayan ƙarfen gilashi. Ka gama da canji da gardamar kaya kafin ka tayar. Masu babur kuma su kunna fitila ko da rana, kada su ɗauka duk direban da ya juyo da fuska wajensu ya gan su.

Abu ɗaya game da awon ido. Idan allon haruffa kawai aka sa ka karanta, wannan tsakiyar gani yake aunawa. Hawan jinin ido yakan fara cin gefe-gefen gani a hankali ba tare da ciwo ba, mutum yana karanta haruffa daidai alhali gefe ya tafi. Idan abin ya sake faruwa, musamman ta ɓangare ɗaya, ka koma asibitin ido ka ce a auna maka faɗin gani da ƙarfin ruwan ido. Batun rufe ido kuwa, addu'ar hawa abin hawa kada ka bar ta, amma ina roƙonka kada ka ɗora wa kowa zargi. Na ga zumunci ya lalace a kan irin wannan zato, alhali abin da ya faru yana samun kowane mai ido biyu.

Tambaya daga wata matar aure a Gusau:

"Malam, maigidana kullum sai ya tayar da gida yana neman makullin babur ko tabarau, ni kuwa ina shiga ɗakin sai in gan su a kan tebur a gabansa. Raini ne ko lalaci?"

'Yar'uwa, a sassauta wa maigida. Neman abu da ido iri biyu ne, kamar yadda Anne Treisman, wata masaniya 'yar Ingila, ta bayyana tare da Garry Gelade a 1980. Idan abin da kike nema ya bambanta da sauran ta siffa ɗaya tak, misali jan goro ɗaya a cikin faranti cike da fari, da kansa yake tsalle ya shigo ido, ko goron goma ne ko ɗari. Amma idan sai an haɗa siffofi biyu ko uku kafin a gane shi, ƙarami ne, na ƙarfe ne, mai baƙin kai, a kan teburin da ke da caja da tsabar kuɗi da abin yanke farce, to dole hankali ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai sauri kuwa tsallake yake yi.

Sannan mai nema yana ɗauke da hoton abin a ransa. Idan a ransa makullin yana kwance a fili ne, sai ya zamana ya faɗa a kife rabinsa a ƙarƙashin takarda, ido zai bi ta kansa ya wuce. A 2017 Miguel Eckstein da abokan aikinsa a Kalifoniya sun sa mutane neman buroshin goge baki a hoton banɗaki. Da aka mai da buroshin ƙato, ya ninka girmansa na ainihi, mutane da yawa sun rasa shi, saboda ba mai wannan girman suke nema ba. Ke kina shigowa da ranki a kwance, kuma wataƙila ke kika gyara teburin da safe, kin san abin da ya saba zama a kai. A buga ƙusa a bayan ƙofa a riƙa rataye makullin, rigimar ta ƙare.

Tambaya daga wani ɗalibin sakandare a Maraɗi:

"Malam, me ya sa wata ɗan daren sha huɗu yake fitowa ƙato a bayan gari da magariba, amma in ya hau sama sai ya ƙanƙance? Kusantowa yake yi?"

Ɗana, ba ya kusantowa. Ka auna da kanka. Idan ya fito, miƙa hannunka ka rufe shi da farcen ƙaramin yatsa, ido ɗaya a rufe. Farcen zai rufe shi har da saura. Da tsakar dare ka sake, za ka ga daidai yake da na magariba. Ko ka ɗauke shi hoto da waya a lokutan biyu ba tare da ka jawo hoton ba. Girman da kake gani a cikin kanka aka ƙara shi.

Wannan tambaya ta girmi kakanninmu. Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tattauna ta a littafinsa Kitabul Manazir. Shi ne ya kafa hujja mai ƙarfi cewa haske ne yake shiga ido daga abubuwa, ba ido ne yake fitar da haske ba, ya kuma ce gani ba ya cika sai da hukuncin da hankali yake yankewa cikin gaggawa ba tare da mun sani ba. Bayaninsa game da wata shi ne, idan yana ƙasa akwai gonaki da itatuwa da gidaje tsakaninka da shi, sai hankali ya auna nisansa da su, a sama kuwa babu abin aunawa. Har yau masana suna muhawara a kan cikakken dalilin, amma sun haɗu a kan abin da ya faɗa tun farko, cewa abin a wurin mai kallo yake.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Katsina:

"Malam, mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki na hagu wata biyu da suka wuce, sanadin hawan jini. Yanzu in an kawo masa tuwo, na gefen dama kawai yake ci ya ce ya cinye. In na zauna ta hagunsa ina magana ba ya juyowa, sai yayata da ke dama yake amsa wa. Likita ya ce idonsa na gani. Raina yana sosuwa, ko fushi yake da ni?"

Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri a kan jinyar da kuke yi. Ki cire batun fushi daga ranki yau ɗin nan. Abin da kika kwatanta sananne ne ga likitocin ƙwaƙwalwa, kuma yakan biyo bayan shanyewar da ta taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa. Ɓangaren dama shi ke kula da hagun jiki, kuma shi ne ya fi ɗaukar nauyin rarraba hankali zuwa ko'ina a kewayen mutum. Idan ya samu rauni, hagu yakan fita daga lissafin majinyaci gaba ɗaya. Wanda ya rasa ganin gefe ɗaya saboda ciwon ido ko jijiyarsa sau da yawa yakan gane ya rasa, yakan juya kai ya nema. Mai irin lalurar Baba bai san akwai abin nema ba. Shi ya sa wasu ke aske gemu gefe ɗaya, ko su sa hannun riga ɗaya su bar ɗayan. Idan aka ce su zana agogo, sai su cusa lambobin a ɓangaren dama, ko su tsaya a 6.

Akwai wani gwaji da ba na mantawa da shi. A 1978 wasu likitoci biyu a birnin Milan na Italiya, Edoardo Bisiach da Claudio Luzzatti, suka ce wa majinyata biyu masu wannan lalura su kawo babban dandalin birnin a ransu, wurin da suka sani tun kafin ciwo. Aka ce su ɗauka suna tsaye suna fuskantar babbar majami'ar da ke dandalin, su lissafa gine-ginen da suke gani. Suka lissafa na dama, suka bar na hagu. Sai aka ce to su ɗauka yanzu a ƙofar majami'ar suke sun juya mata baya. Nan take suka lissafo waɗanda suka bari ɗazu, domin yanzu su ne a dama, suka kuma watsar da na farko. Dukan dandalin yana nan a ajiye a ƙwaƙwalwarsu, hankalin ne ba ya juyawa hagu, ko a cikin tunani. Ke ma kina nan a zuciyar Baba yadda kike, wurin zamanki ne ya faɗa inda hankalinsa ba ya kaiwa.

Ki gaya wa likitansa abin da kika gaya mini dalla-dalla, har da batun tuwon, ki kuma nemi a haɗa ku da masu gashin ƙashi da motsa jiki, domin suna da atisayen koya wa majinyaci waiwayawa hagu. Da yawa suna samun sauƙi a cikin watannin farko, wasu kuma abin yakan ɗauki lokaci. A gida, idan ya ce ya cinye, a juya masa kwanon ba tare da gardama ba, don kada ya rame. Magani da ruwan sha da duk abin da zai buƙata cikin dare a ajiye su ta damansa. Amma lokacin hira, ki fara ta inda yake ganinki, ku haɗa ido, sannan ki matsa a hankali zuwa hagu kina magana, ki riƙe hannunsa na hagun kina kiran sunan da kika saba kiransa. Idan yana karatun Alƙur'ani ko jarida, ki lura da gefen hagu na shafin: a boko farkon layi ne zai ɓace masa, a Larabci da ajami kuwa ƙarshen layi. Ɗora jan zare ko jan ƙyalle a wannan gefen, a ce ya riƙa kai idonsa gare shi a kowane layi. A kula da hannun hagun kada ya maƙale a ƙofa ko ya taɓa abu mai zafi bai sani ba. Kada a bar shi ya tsallaka titi shi kaɗai, ko da ƙafar ta yi ƙwari, tuƙi kuwa a ajiye shi sai likita ya ba da izini. Maganin hawan jinin nan kuma kada a yi wasa da shi ko na kwana ɗaya, ko an ga sauƙi.